Ɗaura Tamostat a Bango da Haɗa Wayoyinsa: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi da rimot ya san esi. Sai ranar da ya sauka Amurka ko Kanada ko Ingila, ko ya kama aiki a otal ko asibitin da esi ɗaya ke sanyaya ginin gaba ɗaya, sannan zai ci karo da wani ɗan akwati manne a bango wanda zafi da sanyin wurin ke hannunsa. Shi ne tamostat. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan uwa da yaran aiki suka fi yi mini, kuma kusan dukkansu tushensu ɗaya: mutum ya kai hannu kafin ya san irin wutar da irin na'urar da yake fuskanta.

Wai shi tamostat mene ne aikinsa?

Makunni ne mai jin yanayin ɗaki. Ba ya ƙirƙirar zafi, ba ya ƙirƙirar sanyi. Yana auna iskar da ke kewaye da shi, ya gwada da adadin da ka zaɓa, in zafi ya yi yawa ya haɗa wayoyin da za su tayar da esi, in sanyi ya yi yawa ya haɗa na hita. Da ɗaki ya kai inda kake so sai ya saki.

Tun asali aikin aike aka yi shi dominsa. Warren Johnson, wani malami a makarantar horar da malamai ta Whitewater a jihar Wisconsin, ya yi rajistar nasa a 1883, kuma abin da yake yi shi ne kaɗa ƙararrawa don mai kula da murhun dumama makarantar ya san wane aji ne ya yi zafi ko sanyi. Mai zagaye irin na Honeywell da ya fito a 1953, da Nest mai intanet da ya fito a 2011, duk aiken nan suke yi. Mai karɓar saƙon ne kawai ya tashi daga mutum ya koma na'ura.

Injiniya, yaya zan gane irin wutar da ke bayan nawa?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya fara yi, domin a kanta rai da dukiya suka rataya. Iri biyu ne manya.

Na farko mai ƙaramar wuta ne, bolt 24. Shi ya cika gidajen Amurka da Kanada masu murhun gas na dumama gida da babban esin da ke tura iska ta bututu. A cikin murhun akwai ɗan ƙaramin taransfoma, yawanci mai ƙarfin VA 40, da ke sauko da wutar gida zuwa 24. In ka cire fuskar tamostat za ka ga siraran wayoyi masu launi-launi, daga biyu zuwa takwas, kowace an ɗaure ta a ƙarƙashin harafi. Kaurinsu bai wuce na wayar ƙararrawar ƙofa ba.

Na biyu mai cikakkiyar wutar gida ne, bolt 120 ko 240 a Amurka, 230 a Ingila da Najeriya. Wayoyinsa masu kauri ne kamar na soket, a Amurka yawanci biyu ko huɗu, an murɗa su da 'yan hulunan roba a cikin akwatin bango. Irinsa ake sa wa hitar lantarki mai bin gindin bango, da tukunyar dumama ruwa ta gidajen Ingila da yawa, da esin ɗakunan otal. Sau da yawa an rubuta adadin wutar da gargaɗi a cikin murfin. Wannan wutar tana kisa.

In ka ɗauki tamostat na 24 ka jona a 230, a nan take zai ƙone, kuma ka yi sa'a in shi kaɗai ya ƙone. In ido bai raba maka gardama ba, mitar hannu ta gwajin wuta za ta raba. Sa ta a ma'aunin AC, wato na wuta irin ta soket, ka auna. Wanda bai taɓa riƙe mita ba, kuma ya ga wayoyi masu kauri, ya mayar da murfin ya kira mai wayarin.

Tunda bolt 24 ba ya kisa, dole ne sai na kashe wuta?

Dole ne. Kai ba zai ji maka ciwo sosai ba, amma na'urar zai ji mata. Da jar wayar nan ta R ta ɗan shafi ta C, ko da na ƙiftawar ido ne, fis ɗin da ke kan allon lantarki na cikin murhu ya tafi. Fis ne irin na mota, mai amfiya 3 ko 5. In tsohuwar na'ura ce wadda ba ta da fis, taransfoman ne zai ƙone. Na taɓa yin wannan gangancin ina sabon shiga, a tsakiyar hunturu, a gidan da akwai jariri. Sai da na zaga neman fis da daddare mutanen gida suna lulluɓe da barguna. Tun ranar ban sake taɓa waya da wuta a kunne ba.

Ka kashe a bireka, ko a makunnin da ke jikin murhun. Kada duhun allon tamostat ya zama shaidarka, kada kuma haskensa ya ruɗe ka, don da yawa batir ke kunna su. Bayan ka kashe, ɗaga adadin zafin sosai ka jira minti biyar. In babu abin da ya motsa, ka auna da mita, sannan ka fara.

Su waɗannan haruffa, R da W da Y da sauransu, me suke nufi?

A tsarin 24, ka ɗauki R a matsayin rijiya, sauran kuma gidajen da ake kai wa ruwa. Duk abin da tamostat ke yi shi ne haɗa R da wata waya.

R ita ce mai kawo wuta daga taransfoma. In ya haɗa ta da W, murhu ya kama, wato an kira zafi. In ya haɗa ta da Y, kwamfaresan da ke waje ya tashi, an kira sanyi. G ta fankar cikin gida ce mai tura iska cikin bututu. Shi ya sa lokacin sanyaya gida R ke haɗuwa da Y da G a tare: kwamfaresa ba tare da fanka ba ƙanƙara zai tara a kan kwayil, wato bututun da ke sanyaya iskar, har iska ta kasa wucewa. Lokacin dumama kuwa, murhun gas da kansa yake tayar da fankarsa bayan ya ɗan yi zafi, don kada ya fara feso wa mutane iska mai sanyi. Hitar lantarki ta cikin bututu kuma sau da yawa tana jiran tamostat ya kira G. Wannan ne dalilin da sabon tamostat zai tambaye ka ko gas ne ko lantarki. Kada ka danna amsa da ka.

C ita ce hanyar komawar wuta zuwa taransfoma. Ba ta kunna komai, ita ke ba tamostat ɗin kansa abinci. W2 da Y2 mataki na biyu ne a na'urori masu ƙarfi biyu. O da B na famfon zafi ne, za mu zo kansu.

To ba sai in bi launi kawai ba? Ja a R, fari a W?

A'a. Al'ada dai ita ce ja R, fari W, ruwan ɗorawa Y, kore G, ruwan lemo O, shuɗi ko baƙi C. Amma al'ada ce, babu wanda ya tilasta wa mai aikin da ya riga ka bin ta. Na buɗe bangon da shuɗiyar waya ce ke kiran kwamfaresa, na buɗe wanda wayoyin duk launi ɗaya ne saboda tsufa da fenti. Harafin da wayar take ɗaure a kansa a tsohon tamostat shi ne sunanta. In kana shakka, je wurin murhu ka cire murfi ka dubi inda ɗaya bakin nata ya sauka a kan allo. Can ne gaskiyar take.

Nawa yana da Rc da Rh da wani ɗan ƙarfe a tsakaninsu. Na mene ne?

Rc wutar ɓangaren sanyi ce, Rh ta ɓangaren zafi. In taransfoma ɗaya ne ke ciyar da duka biyun, kamar yadda yake a yawancin gidaje, jar waya ɗaya ce ke zuwa, ɗan ƙarfen kuma gada ce da ke raba wutarta gida biyu. Bar shi. In kuwa ka ga wayoyi biyu daban, ɗaya a Rc ɗaya a Rh, taransfoma biyu ke nan, misali tukunyar ruwa daban esi daban. A nan dole a cire gadar. Wasu sababbin Honeywell ɗan maɓalli ake turawa maimakon ƙarfe, Nest kuma da kansa yake yin gadar a ciki.

Yaya ake canza tsoho da sabo, daga farko zuwa ƙarshe?

Bayan ka kashe wuta, ja fuskar tsohon. Abu na farko shi ne hoto da wayar salula, a kusa, yadda haruffa za su fito tare da wayoyinsu. Ɗauki biyu ko uku. Sannan manna wa kowace waya takardar harafinta, ko salatif da biro. Sai ka kwance su ɗaya bayan ɗaya.

Kula da ramin bango. Wayoyin nan suna da halin sulalewa ciki, kuma bangon gidajen Amurka fanko ne, in sun faɗa sai an sha wuya. Naɗe su a jikin fensir ka gicciye shi a bakin ramin.

Cire tsohon faranti, zura wayoyin ta tsakiyar sabon, daidaita shi da ma'aunin ruwa, yi alama, huda, sa roba sannan noti. Dubi bakin kowace waya. In jan ƙarfen ya yi baƙi ko ya lanƙwashe, datse shi ka fere sabo kamar santimita ɗaya, ka miƙar da shi. Kada tsiraicin ya yi tsawon da zai taɓa maƙwabciyarsa, kada kuma roba ta shiga ƙarƙashin noti. Ɗaura kowace a harafinta, ka ɗan ja ta ka ji ta kama. Wadda ba a amfani da ita a naɗe bakinta da salatif a tura ta baya.

Akwai abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa: toshe ramin. Iskar da ke yawo cikin bango tana hurowa ta nan kai tsaye a bayan ma'aunin, sai tamostat ya riƙa auna cikin bango yana zaton ɗaki ne. Ɗan abin toshiya marar kama wuta ya isa.

Mayar da fuska, kunna wuta, amsa tambayoyin saiti, sannan gwada fanka, gwada zafi, gwada sanyi, kowanne daban. In waje ya yi sanyi ƙasa da digiri 15 ko kusa da haka, bar gwajin esi sai yanayi ya sassauta, don tayar da kwamfaresa cikin sanyi na iya yi masa illa.

Na sayi mai intanet, ya ce yana buƙatar C, ni kuma wayoyi huɗu gare ni. Asara na yi?

Ba ki yi asara ba, Hajiya. Tsofaffin tamostat ba sa cin wuta ko kuma batir ya ishe su, shi ya sa ba a damu da ja musu C ba. Mai allo da intanet kuwa dare da rana yake ci.

Fara da leƙa ramin. Sau da yawa kebul ɗin mai waya biyar ne, an yi amfani da huɗu an naɗe ta biyar an cusa baya. In kin same ta, a jona ɗaya bakin nata a C na allon murhu, ɗayan a C na tamostat, magana ta ƙare. In babu, kamfanonin sun yi dabara. Ecobee na da ɗan akwatin da suke kira PEK, Google na da Nest Power Connector, duka a wurin murhu ake ɗaura su. Akwai kuma masu mayar da wayar G ta zama C su haɗa G da Y a kan allo. Tana aiki a murhun gas, amma an rasa damar kunna fanka ita kaɗai, kuma ba ta dace da kowace na'ura ba.

Wasu nau'o'in Nest suna iya rayuwa babu C ta hanyar tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ta cikin Y ko W. A wani gidan lafiya lau. A wani kuma sai a ji murhu yana kamawa yana saki, ko intanet yana yankewa, ko batirin ciki ya mutu a daren da aka fi buƙatarsa. Ni dai in ana iya jan C, ita nake zaɓa ko da za ta ci wuni.

Na kira sanyi sai zafi ke fitowa, na kira zafi sai sanyi. Me na ɓata?

Famfon zafi gare ka, kuma saitin O da B ne ya juye. Famfon zafi esi ne mai iya aiki gaba da baya: da bazara ya kwashe zafin ɗaki ya zubar waje, da hunturu ya kwaso na waje ya shigo da shi. Wani bawul ne ke juya hanyar gas ɗin. Yawancin kamfanoni suna ba bawul ɗin wuta lokacin sanyaya gida, shi ne O. Rheem da Ruud kuwa lokacin dumama suke ba shi, shi ne B. Shiga saiti ka canza, ba sai ka kwance waya ba.

Tarko biyu ne a nan. A wasu tsofaffin na'urorin Trane, harafin B yana nufin C ne, ba bawul ba. In ka ga waya a O da wata kuma a B, to kusan tabbas ta B ɗin C ce, kuma sa ta a gurbin bawul zai cinye fis. Na biyu, farar wayar famfon zafi yawanci ta hitar taimako ce, wato wadda ke kamawa in zafin famfon bai isa ba, gurbinta AUX ko W2. In ka gaya wa tamostat cewa murhu ne na yau da kullum, gidan zai yi ɗumi ba wanda zai lura, sai takardar kuɗin wuta ta zo, don hitar taimakon ce ta yi ta aiki ita kaɗai.

A ina ya fi dacewa a ɗaura shi?

A bangon cikin gida, wanda bayansa ma ɗaki ne, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a wurin da mutane ke zama kuma iska ke zagayawa. Nesa da taga, da ƙofar waje, da kicin, da bakin bututun iska, da bayan talabijin ko fitila. Kada labule ko kabad ya rufe shi. Tamostat bai san gidanka ba, tafin hannu ɗaya na iskar da ke gabansa ya sani. In rana na dukansa da la'asar, zai sa esi ya yi ta gudu mutane na rawar ɗari a ɗakuna.

Mu da ke Ingila fa? Babu R babu W a namu.

Tsarinku daban ne. Gidaje da yawa tukunyar gas ce ke dumama ruwa ya zagaya cikin radiyeto, kuma wayar tamostat ɗin sau da yawa 230 take ɗauke da shi. Za ka ga L mai wuta da N ta komawa, da COM da NO na makunnin kiran zafi, ko lambobi. Launin wayoyi na yanzu ruwan ƙasa ne mai wuta, shuɗi N, kore da ruwan ɗorawa ta ƙasa. Tsofaffin gidaje ja da baƙi ne. A wayar tamostat kuwa shuɗiya ko baƙa ma na iya ɗaukar wuta, don ana mayar da ita wayar kiran zafi.

Irin su Hive da Tado kashi biyu suke zuwa: ɗan akwatin da ake jonawa kusa da tukunya, da tamostat da ke magana da shi ba waya. Wasu tukwanen kuma suna da gurbin OpenTherm, siraran wayoyi biyu masu ƙaramar wuta da ke ba tamostat damar cewa a rage wuta ko a ƙara, maimakon kunna da kashe kawai. In 230 ya shiga wannan gurbin allon tukunyar ya tafi, kuma ba shi da araha. Sannan a tukwane da yawa murfin gaba yana cikin abin da ke killace hayaƙin gas, buɗe shi aikin wanda ke cikin rajistar masu aikin gas ta Gas Safe ne. Kada ka yi wa wannan dokar wayo, hayaƙin nan ba shi da wari kuma a barci yake ɗaukar mutane.

Zan iya sayo Nest daga Amurka in sa wa esina na gida a Kaduna?

In esin bango ne mai rimot, irin LG ko Panasonic ko Hisense ko Midea, a'a. Tamostat ɗinsa yana cikinsa, ɗan ma'auni ne a bayan murfi inda iska ke shiga, kuma allonsa ba shi da gurbin R da Y. Ɓangaren esin na cikin ɗaki da na waje, musamman masu inbata, da yaren kamfaninsu suke magana da juna.

Kada kuma a yi dabarar sa tamostat ya riƙa yanke wa esin wuta gaba ɗaya yana mayarwa. Wahalar da wutar Nepa ke ba shi ta isa. Abin da ya fi buƙata shi ne mai gadin wuta irin AVS na Sollatek, wanda ke cire shi in wuta ta yi sama ko ƙasa, ya kuma jinkirta kafin ya mayar. In burinka sarrafa shi da wayar salula ne, akwai na'urori irin Sensibo da ke kwaikwayon rimot. In kuma damuwar ita ce esin na auna zafin kusa da silin ba inda kake kwance ba, duba rimot ɗinka: Gree na da maɓallin I Feel, Midea na da Follow Me, suna sa rimot ɗin ya zama shi ne ma'auni.

Esin silin da na bututu irin na Daikin suna da nasu rimot na bango mai waya biyu, a gurbin P1 da P2. Kama da tamostat yake yi, amma na kamfanin kaɗai ke shiga. Inda na 24 ke aiki a ƙasashenmu shi ne wasu manyan esi na kan rufi masu tsarin Amurka. Takardar na'urar za ta faɗa maka.

A otal nake aiki, na ɗakunanmu suna da L da N da wayoyin fanka uku. Yaya haɗinsu?

Wannan na fankwayil ne. Babban injin sanyaya ruwa yana turo ruwa mai kusan digiri 7 cikin bututu, a kowane ɗaki akwai kwayil da fanka a cikin silin. Tamostat ɗin yana karɓar 230 ta L da N, ya fitar da ita ta ɗaya daga wayoyi uku na gudun fanka, babba da matsakaici da ƙarami, da kuma wayar bawul mai buɗe wa ruwa hanya. Wani bawul waya ɗaya yake so ya rufe kansa da sifirin, wani biyu, ta buɗewa da ta rufewa. Duba wanne ne kafin ka sayo tamostat.

Hattara da abu biyu. Kada wayoyin gudu biyu su sami wuta lokaci guda, kuma kada ka jona fankwayil biyu kai tsaye a tamostat ɗaya ba tare da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, a tsakani ba, don wuta na komowa ta cikin naɗin injinan fankar ta ƙona su. Wayar fankar da ba a kira ba ma tana iya ɗauke da wuta muddin injin fankar na juyawa, saboda haka kada ka taɓa ta don ka ga ba ita ke aiki ba.

Irin wanda muke sa wa injin ƙyanƙyasar ƙwai ma haka yake?

Ɗan gidansu ne. STC-1000 da masu kaji suka sani yana da gurbi takwas: 1 da 2 wutarsa, 3 da 4 ma'auni, 5 da 6 zafi, 7 da 8 sanyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne jona ƙwan fitila kai tsaye a 5 da 6 ana jiran ya kama. Waɗannan gurabe makunni ne kawai, ba sa ba da wuta. Sai ka kawo waya mai wuta zuwa 5, ka fita ta 6 zuwa hita, ɗaya ƙafar hitar ta tafi N. Rilen cikinsa amfiya 10 ne, kaya mai nauyi sai da kwantakta, wato babban rile. Ƙwan kaza kusan digiri 37.5 yake so, don haka ka gwada ma'aunin da wani ma'aunin zafi na daban kafin ka zuba ƙwai.

Na gama haɗawa, allo bai kawo ba, ko ya kawo amma esi bai tashi ba.

In allo ya mutu, fara da mai sauƙi. Bireka a kunne? Murfin murhu ya zauna daidai? Akwai makunni a bayan murfin da ke yanke wuta in bai rufu ba, kuma shi ne ya fi ba mutane wahala. Daga nan fis. Daga nan auna tsakanin R da C, ya kamata ka ga tsakanin 24 da 28. Wasu gidajen kuma an sa makunni a tiren ruwan esi, in magudana ta toshe ruwa ya taru sai ya yanke wutar.

In allo na aiki kwamfaresa ne shiru, jira tukuna. Yawancinsu suna jinkirin minti biyar don matsin gas ya daidaita. In fis ya sake ƙonewa bayan ka canza, wayoyi na haɗuwa a wani wuri. Nemo wurin. Kada ka sa wanda ya fi shi girma, kada kuma ka naɗa masa waya yadda ake yi wa fis ɗin gida, taransfoma da allo ne za su biya.

In na sa shi a 16 ba zai fi saurin sanyaya ɗaki ba?

A na'ura mai ƙarfi ɗaya ba zai fi ba. Gudunta ɗaya, ka dai hana ta hutawa ne. Ga masu fama da ma'aunin Amurka, 68 nasu shi ne 20 namu, 75 kuma kusan 24. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce sassauta saiti da digiri 7 zuwa 10 na ma'auninsu na awa takwas a rana na iya rage har kashi 10 cikin ɗari na kuɗin dumama da sanyaya gida a shekara. Mai famfon zafi dai kada ya yi babban tsalle da safe, don hakan na tayar da hitar taimako ta cinye ribar.

Tsohon da na cire akwai 'yar kwalba da wani ruwan azurfa a ciki.

Zaiba ce, kusan giram 3 a kowace kwalba, kuma guba ce. Kada ka fasa, kada ka jefa a shara, kada yara su same shi. Sa shi cikin leda yadda yake. A Amurka akwai Thermostat Recycling Corporation, wadda kamfanonin tamostat suka kafa a 1998, tana da akwatunan karɓa a shagunan kayan esi da yawa.

Gidan haya nake. In canza?

Nemi izinin mai gida a rubuce, ka adana tsohon da hoton wayoyinsa don ranar tashi. In kuma ka ga wayoyi a gurabe masu lamba ko A, B, C, D maimakon haruffan da muka lissafa, na'ura ce mai yaren kamfaninta, tamostat na kasuwa ba zai yi ba.

Sabon gini nake yi, ko zan ja sabuwar waya. Wace iri zan saya?

Ga tsarin 24, kebul na tamostat mai lamba 18, kaurin kowace waya kusan milimita 0.8 murabba'i. Ko da biyar kake buƙata yau, ja mai takwas. Bambancin kuɗin kaɗan ne, kuma ranar da za a sa famfon zafi ko na'ura mai mataki biyu ba sai an fasa bango ba. Kada ya bi bututu ɗaya da wayar wutar gida, kada a yi masa haɗi a ɓoye cikin bango, kada ƙusa ta matse shi. Bar rarar kamar tsawon hannu a kowane baki, ka naɗe waɗanda ba ka yi amfani da su ba a jikin kebul ɗin maimakon datse su. Sannan rubuta harafin kowace waya da launinta a takarda, ka manna a cikin murfin murhu don mai aikin da zai zo bayanka.